Tsiron Da Ba Ya Fure: Dangin Agugu A Duwatsun Bauchi

Kowane yaron da ya kai aji uku ya san yadda gero ya ke haihuwa. A shuka ƙwaya ta tsiro, ta yi kara, ta fid da kai, ta yi bununi, ta yi ido, a girbe a ajiye iri don baɗi. Haka dawa, haka wake, haka mangwaro da kuka. Saboda haka in malami ya gaya wa yara kowane tsiro sai ya yi fure kāna ya yi iri, ba mai yi masa musu. Amma maganar ba ta cika ba. Akwai wata babbar zuriya ta tsire-tsire wadda ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ba ta da ƙwayar iri ko ɗaya, ga shi kuwa tana yaɗuwa, har masana sun ƙidaya iri-irinta sun fi 10,000 a duniya. A littattafan Turanci ana rubuta sunanta fern.

Abin da ya sa na ɗauko zancenta shi ne, kowace shekara in ɗalibanmu sun fita gwajin koyarwa, sai in tarar wani ya kwaikwayi hotonta daga littafin Ingila ya zana a allo, ya ce wa yara wannan tsiron Turai ne, ko na kurmin Kudu, mu ba mu da shi. Yara su rubuta, su haddace, su tashi da shi. To, ba haka ba ne. Wanda ya fita garin nan da ƙafa cikin watan Agusta ya nufi duwatsu, kafin azahar ya iya komowa da iri biyu ko uku a hannu. Yadda su ke iya zama a ƙasar da a ke yin wata shida ko bakwai ba ɗigon ruwan sama, alhali haihuwarsu ba ta yiwuwa sai da ruwa, shi ne abin mamakin da na ke so mu duba.

Mu fara da suna. Hausa ba ta da suna guda wanda ya tara zuriyar duka, amma ta san waɗansu daga cikinta. Wani likita mutumin Sikotlan, Dokta Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa har ya tara tsire-tsire masu yawa a ƙasar Katagum, ya buga littafin sunayen itatuwa da Hausa a 1916. A ciki akwai agugu, watau saiwar da masu magani ke sayarwa don kashe tsila, wadda fatake ke kawowa daga wajen Adamawa. Akwai mashin zomo, ɗan tsiron damina mai ganye ɗaya. Akwai kuma ɗafaddu, wanda ke ɗafe a jikin itace cikin kurmi. Duk ukun 'yan gida ɗaya ne, ko da ya ke ba su yi kama da juna ba. Ni a ajina na kan ari sunan na farkon in kira su duka dangin agugu, haka kuma zan yi a nan. Mai son sunayensu na Latin, akwai littafin Alston na gidan tarihin London, wanda ya fito a 1959, ya tattara na Afirka ta Yamma.

Yaya za ka gane su in ka gan su? Alama ta fari tana ga sabon ganye. Ganyen yawancinsu ya kan fito a naɗe, kamar ƙadandoniya in an taɓa ta, sa'an nan ya riƙa warwarewa a hankali daga gindi zuwa baki. Ta biyu, ba ka ganin kara a tsaye. Karan yana kwance cikin ƙasa ko cikin tsagar dutse kamar na citta, ganyaye ne kaɗai ke leƙowa. Ta uku ita ce babba. Ka juya ganyen da ya ƙosa ka dubi bayansa. Za ka ga waɗansu ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa a jere, ko kuwa wani zare mai duhu ya bi bakin ganyen. Mutane da yawa su kan zaci cuta ce ko ƙwan ƙwari, har mai lambu ya tsinke ganyen ya yar. Ba cuta ba ce. Nan ne rumbun tsiron.

In ka ɗora gilashi mai girmama abu a kan ɗigo ɗaya, sai ka ga ashe tarin 'yan jakunkuna ne, kowace a kan ɗan sillenta. Cikin kowace jaka akwai wata ƙura mai laushi, ga yawancinsu ƙwaya 64. Jakar tana da wani zobe mai kauri wanda ya kewaye ta ta baya. Sa'ad da iska ta bushe, ruwan da ke cikin zoben ya janye, sai zoben ya tanƙwara baya a hankali ya yage bakin jakar, kamar maharbi yana jan baka. Can sai ya saki farat ɗaya, ya watsa ƙurar kamar majajjawa. Iska ta ɗauka. Tsiro guda babba ya kan zub da miliyoyin ƙwayoyin nan a shekara. Ni na kan kira ta ƙurar haihuwa, don kada yara su ruɗe su ce iri ce. Ƙwayar iri irin ta wake tana ɗauke da jaririn tsiro da guzurinsa a ciki. Ƙurar nan kuwa ba jariri a cikinta.

Mutanen Turai na dā sun daɗe cikin duhun wannan al'amari. Da suka ga tsiro yana yaɗuwa ba a ganin irinsa, sai suka ce lalle irin ɓoyayye ne, wanda ya same shi kuwa shi ma ido ba zai gan shi ba. Watau layar zana ke nan irin tasu. Sai a 1794 wani likita, John Lindsay, da ke zaune a tsibirin Jamaika, ya ba da labarin yadda ya shuka ƙurar ya ga abin da ta fitar. Duk da haka ba a gane kan zancen sosai ba sai a 1851, da wani Bajamushe, Wilhelm Hofmeister, mai sana'ar sayar da littattafai, wanda ke duban tsire-tsire da madubin likita in ya tashi daga kanti, ya warware shi.

Ga abin da ya ke faruwa. In ƙwayar ƙura ta faɗa wuri mai laima da inuwa, ba agugu ta ke tsirowa ba. Wani abu dabam ta ke zama, ɗan kore, shimfiɗaɗɗe, mai siffar zuciya irin ta katin karta, girmansa bai kai farcen ɗan ƙaramin yatsa ba, kaurinsa kuwa bai kai na takardar sigari ba. Ba shi da kara, ba shi da saiwa ta sosai sai 'yan gasu da ya ke riƙe ƙasa da su. Mu kira shi ɗan faifai. A ƙarƙashinsa ne a ke samun namiji da mace. Wajen gindi akwai 'yan ƙululai masu fid da ƙwayoyin namiji, wajen lankwasar zuciyar kuma akwai 'yan tuluna masu dogon wuya, kowane da ƙwai guda a ciki. Ƙwayoyin namijin suna da gasu da su ke kaɗawa, iyo su ke yi kamar talibambam. Ba su tashi a iska, ƙudan zuma ba ya ɗaukarsu. Sai an sami ruwa ya shimfiɗu a ƙarƙashin ɗan faifan, ko da na raɓa ne, kāna su yi iyo su shiga wuyan tulu su sadu da ƙwai. Daga wannan ƙwan ne agugun da mu ka sani ya ke fitowa, ya fid da saiwa da ganyen fari, ɗan faifai kuwa ya shanye ya mutu.

Ku lura da kyau, nan ne ɗalibai su kan ruɗe a jarrabawa. Agugu ya haifi ɗan faifai, ɗan faifai ya haifi agugu. Ɗa bai yi kama da uba ba, jika ne ya ɗauko kakansa. Tsiro ɗaya ne mai rayuwa biyu, kowace tana cin gashin kanta.

To, yanzu sai mu dawo gida. Bauchi tana samun ruwan sama kamar inci 40 da 'yan kai a shekara, amma kusan dukansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba ya ke sauka. Daga nan sai hunturu da iskarsa mai tsotse laima, sai bazara da zafinta. Ɗan faifai ba shi da fata mai kauri, yini guda na rana ya isa ya soya shi a fili. Saboda haka ba isowa ce ke yi wa dangin agugu wuya ba. Ƙurarsu tana zuwa ko'ina. A 1883 dutse mai aman wuta ya ƙone tsibirin Karakatawa na ƙasar Indunusiya ƙurmus, amma da masani Treub ya je a 1886, cikin tsire-tsire iri 26 da ya tarar 11 dangin agugu ne, iska ta ƙetaro da su teku. Wuyar ita ce samun wurin da laima za ta daɗe har ɗan faifai ya girma ya yi aure. Duk inda ka ga agugu a ƙasar nan, ka tabbata wurin ya riƙe ruwa makonni a jere. Shaida ne shi a kan ruwa, ba ya kuwa ƙarya.

Irin waɗannan wurare duwatsu ne suka ba mu su. Dubi waɗanda suka kewaye garin nan, irin su Wambai da Warinje da Gudum, ko ka matsa zuwa Zaranda da duwatsun Das. Ruwan sama ba ya shiga jikin fā, gangarowa ya ke yi ya taru a tsaga da ƙarƙashin manyan duwatsun da suka hau juna. Nan ganye ke ruɓewa ya zama baƙar ƙasa, rana kuma ba ta isa. Ga wata dabara ga mai nema. Tun daga ƙarshen Agusta har tsakiyar Afrilu, rana ta kudu da mu ta ke ratsawa da tsaka, don haka gefen arewa na dutse shi ya fi daɗewa da sanyi bayan ɗaukewar ruwa. Ta nan za ka fara dubawa.

Wanda na fi so a cikin mazauna tsaga shi ne wani ɗan ƙarami, tsawonsa bai wuce inci huɗu zuwa shida ba, ganyensa a baje kamar mafici, sai ka ce giginya ce aka ƙanƙantar. Masana suna kiransa Actiniopteris. Shi ba ya gudun rani, tsayawa ya ke yi ya bushe. Ganyen ya tattare, ya sunkuya, ya yi fari-fari kamar tsohuwar ciyawa, wanda ya gani ya rantse ya mutu. Ran da ruwan fari ya sauka, kafin kwana ɗaya ko biyu ganyen nan dai da ya bushe shi zai miƙe ya koma kore. Ka gwada wannan da ganyen dawa ko na rama ka gani, in sun bushe sun tafi ke nan. Akwai waɗansu maƙwabtansa masu irin wannan hali, masu baƙin sille mai ƙyalli kamar waya. Waɗansunsu, musamman a tuddan Jos, bayan ganyensu a shafe ya ke da wani farin gari kamar alli, in ka manna shi a bayan hannunka sai ya bar maka hotonsa. Yara suna son wannan ƙwarai.

Wani kuma dabararsa ita ce ɓuya. A gaɓar rafi mai inuwa da gindin dutse, da marka, za ka ga wani mai laushi, 'yan ganyayensa kamar tsinin wata a jere hagu da dama a kan baƙin sille siriri. Sunansa Adiantum. In ka zuba masa ruwa ba ya jiƙa, sai ruwan ya dunƙule ya gangare. In bakin ganyensa ya sunkuya ya taɓa ƙasa, ya kan yi saiwa a wurin ya fid da sabon tsiro, shi kuma ya miƙa nasa gaba, har su rufe gaɓa, ba tare da jiran ɗan faifai ba. Da iskar kaka ta busa sai ganyayen su ƙone su ɓace sarai, karan kaɗai ke saura a ƙasa yana jiran baɗi. Ku riƙa leƙa bakin tsohuwar rijiya da ƙarƙashin kwalbati da bangon da famfo ke yoyo a kansa, 'yan'uwansa su kan zauna can.

Mashin zomo kuwa sai an durƙusa. A kan samu shi inda 'yar ƙasa marar zurfi ta kwanta a kan fā ta jiƙe sharaf da damina, cikin gajeriyar ciyawa. Ganye ɗaya gare shi, ko biyu, mai santsi, ba ya kuwa fitowa a naɗe kamar na sauran. Daga gindin ganyen wani tsinke ya ke tashi mai kai kamar na mashi, da jakunkunan ƙura a jere gefe biyu. Wanda ya raɗa masa suna lalle ya dube shi da kyau. Ɗan faifansa ma dabam ne. Ba ya fitowa sarari, ba shi da kore, a cikin ƙasa ya ke zaune cikin duhu, wani abu dangin naman kaza yana ciyad da shi, ya kan yi shekaru a haka. Ga wani abin da zai sa ku girmama shi. Cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai zaren gado 46. Wani irin mashin zomo mai suna Ophioglossum reticulatum, wanda a ke samu a Afirka da sauran ƙasashe masu zafi, an ƙidaya nasa an sami fiye da 1,200.

Sai na ruwa. In tafki ko kududdufi ya cika, duba gefensa. Akwai wani mai ganye huɗu-huɗu, mai kama da na gyaɗa, sai dai huɗun a wuri ɗaya suka haɗu, suna kwance a kan ruwa ko suna tsaye a taɓo. Shi ne Marsilea. Ba ya ajiye ƙurarsa a bayan ganye. Sa'ad da ruwa ya fara janyewa, sai ya yi waɗansu 'yan ƙwanso masu tauri a gindinsa, kamar ƙananan wake, ya kulle ƙurar a ciki. Tafki ya ƙafe, ƙasa ta tsattsage, shanu su tattake, ƙwanson yana nan. An taɓa jiƙa wanda ya yi kusan shekara 100 a ajiye, ya tsiro. In ruwa ya shige shi kuwa, ba ya ɓata lokaci, cikin kwana ɗaya ko biyu an gama auren da ya kan ci wa sauran makonni. A ƙasar Ostareliya mutanen asalin wurin suna niƙa ƙwanson wani irinsa su yi tuwo, amma sun san yadda a ke sarrafa shi. A 1861 waɗansu Turawa biyu masu yawon binciken ƙasa, Burke da Wills, guzurinsu ya ƙare suka koma cinsa, ciki yana cika jiki yana ramewa, har suka mutu. Masana da yawa suna ganin wani sinadarin da ke cikinsa, mai lalata bitamin B1, yana cikin abin da ya kashe su.

Ɗaya na ruwan shi ne Azolla, ɗan mitsitsi mai yawo a kan ruwa, wanda kan rufe fuskar kududdufi kamar darduma, kore ko ja-ja. Kada ku haɗa shi da kainuwa, ita tana fure, ko da ya ke furenta ƙanƙane ne. A cikin ganyen Azolla akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, abin nan da mu ke saye da tsada a buhun takin zamani. Manoman shinkafa na Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwonsa a gonakinsu, in ya yi yawa su tattake shi cikin taɓo ya zama taki. A ganina ɗalibanmu na sashen noma ya kamata su gwada shi a fadama, ko da a kwali ɗaya ne.

Manyan dangin sai inda ruwa ba ya yankewa. Wanda ya sami zuwa Yankari, kamar mil 70 daga nan, ya duba kurmin da ke bin kogin Gaji da bakin maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta ke fitowa da ɗumin digiri 31 rani da damina. A kuramen da ke kudu da mu kuwa a ke ganin ɗafaddu, can bisa itace. Ganye iri biyu gare shi. Ɗaya ya manne da itacen ya buɗe baki sama kamar kwando, yana tare ganyayen da ke faɗowa da ruwan sama, su ruɓe su zama masa ƙasa. Ɗayan ya rataya ƙasa, shi ke ɗauke da ƙura. Ba kamar kauci ba ne, wanda ke huda itace ya sha ruwan jikinsa. Ɗafaddu wurin zama kaɗai ya ara.

Ba dukansu ne abin sha'awa ga makiyayi ba. A tuddan Jos da Mambila akwai wani babba mai suna Pteridium, wanda kan kai ƙugun mutum ko ya fi, ya cinye makiyaya. Gobara ba ta kashe shi, don karansa yana can ƙasa da nisa, bayan wuta ma shi ke riga ciyawa fitowa. Saniyar da ta ci shi da yawa ta kan kamu da zub da jini, wadda ta daɗe tana ci kaɗan-kaɗan kuma ta kan yi fitsarin jini, doki kuwa ya riƙa tangaɗi. Malamin da aka tura waɗannan wurare ya kamata ya san shi.

Haka kuma agugun magani. Gaskiya ne yana fid da tsila. Turawa ma sun yi aiki da irinsa tun zamanin Yunanawa, har wajen 1775 Sarkin Faransa Luwi na 16 ya biya wata mata kuɗi masu yawa don ta faɗi asirin maganin tsilarta, da ta faɗa ashe saiwar nan ce. Amma abin da ke sumar da tsila dafi ne, tazarar da ke tsakanin abin da zai warkar da abin da zai cuce kuwa kaɗan ce. Wanda ya zarce ya kan yi amai da zawo, akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda suka mutu. Likitoci sun bar shi tun da aka sami magunguna irin su farazikwantal daga wajen 1970 zuwa 1980. In kun ga yaro yana fid da tsila a makarantarku, asibiti za ku tura shi, ku kuma gaya wa iyaye su riƙa dafa nama ya nuna sosai.

Masana sun ce zuriyar nan ta fi shekara miliyan 350 a duniya, ta riga masu fure da nisa, gawayin ƙasa na Ingila ma daga dazuzzukanta da na 'yan'uwanta ya samu. Amma mazauninta a nan ƙanƙane ne, ɓata shi kuwa ba wuya. Masu fasa dutse suna cin duwatsun gefen gari don gini, masu itace suna sare ɓauren da ke yi wa tsaga inuwa, masu farautar ɓera da gafiya suna sa wuta da kaka. Ban ce a hana mutum neman abincinsa ba. Sai dai in an sare itace guda a bakin tsaga, laimar da ta kan kai Nuwamba sai ta tsaya a Satumba, ɗan faifai ba zai ƙara samun kwanakinsa ba. Tsofaffin tsire-tsiren su yi 'yan shekaru su mutu ba magaji, ba kuwa wanda zai lura, don ba wanda ya san suna nan.

Ga yadda za ku nuna wa yara abin da idonsu, tun da gani ya kori ji, ba kuwa sai da kuɗi ba. Wajen ƙarshen Agusta ko cikin Satumba ku tsinko ganye ɗaya ko biyu waɗanda ɗigonsu ya yi duhu amma bai riga ya fashe ba. Ganye kaɗai, kada ku tumɓuke gindin, ba zai rayu a tukunya ba in an raba shi da tsagarsa, aji guda kuma ya iya share dutse a yini ɗaya. Ku shimfiɗa ganyen a kan farar takarda, bayansa yana ƙasa, ku rufe da wata takardar, ku ajiye inda ba iska. Bayan kwana ɗaya ko biyu ku ɗaga a hankali. Za ku ga ƙurar ta zana siffar ganyen a takarda. Wannan kaɗai ya isa darasin yini guda.

Sa'an nan ku sami tsingaron tukunya ko gutsuren jan bulo, ku tafasa shi cikin ruwa don a kashe funfuna da gansakuka, in ba haka ba su za su riga tsirowa su danne kome. In ya huce ku sa shi cikin tasa mai ruwa kaɗan, wanda shi ma an tafasa ya huce, ruwan ya taɓa gindinsa amma kada ya rufe shi. Ku barbaɗa ƙurar sama-sama, kaɗan ta isa, in ta yi yawa su kan cunkushe. Ku kife kwalba mai faɗin baki ko farar leda a kai, ku ajiye kusa da taga inda akwai haske amma rana ba ta bugawa. Kada ruwan tasa ya ƙafe ko sau ɗaya, don haka a sa yaro guda ya riƙa dubawa, har da ranakun hutu. Bayan 'yan makonni wani kore-kore zai bayyana kamar an shafa. Bayan wata biyu ko uku za a ga 'yan faifan sosai da gilashi. Daga nan ku riƙa yayyafa musu ruwa da yatsa sau ɗaya ko biyu a mako, don ƙwayoyin namiji su sami abin iyo. Ganyen fari ya kan ɗauki waɗansu watanni kafin ya leƙo, ba ya kuwa kama da na uban, sai na huɗu ko na biyar. In an shuka a Satumba hunturu zai riske shi a kwalba, saboda haka a liƙe bakin da kyau, a kuma sa yara su zana abin da suka gani kowace Jumma'a da kwanan wata a gefe.